Ku daina tashin motar tsere a gareji lokacin hunturu

Malam Edita, assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwa masu motar tsere a ƙasashen da ƙanƙara ke sauka.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu leƙa gareji duk mako su tashi motar ta yi minti biyar, wai kada ta yi sanyi. Injin bai kai ga ɗaukar zafi ba, sai raɓa ta taru a salansa da cikin baƙin mai, batir kuma ya ƙara rauni. Ni tawa ba na taɓa makullinta sai sanyi ya wuce. Batir dai ina jona shi da ƙaramar caja mai tsayawa da kanta idan ya cika.

Kafin in rufe ta nakan wanke ƙarƙashinta tas, domin gishirin da ake watsa wa titi shi ke kawo tsatsa. In yi juyen mai, in cika tanki, in ƙara wa tayoyi iska kaɗan kada su lotsa gefe guda. Tayar lokacin zafi ma, da awon yanayi ya sauka ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Celsius robar takan taurare, ba ta kama titi sosai.

Birkin hannu kada a ja shi, yakan manne. A sa katako a tare taya. Ɓera kuwa ba ya raina waya, kuma salansa ɗaki ne a wurinsa. A toshe bakinta, a manna takarda a sitiyari don kada a manta. Lulluɓi na yadi mai shan iska, ban da leda.

Naka,
Wani mai karatu