Wasiƙa daga Tawa: taurari masu ƙyafta ido

Aminina Issufu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya sanyin Faransa? Mu nan kalau muke, sai hazon hunturu da ya fara sauka. Inna tana gaishe ka.

Shekaranjiya da dare aka ɗauke wuta, muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ina fifita gawayin shayi. Sai autata Hadiza ta nuna Kaza da ƴaƴanta, ta ce, "Baba, don me taurari ke ƙyafta ido?" Nan take ka faɗo mini a rai, na tuna yadda muke kwana ƙirga su a kan tudun yashi muna yara. Na ce mata iska ce ke kaɗa haskensu, kamar yadda kwalta ke rawa da tsakar rana a hanyar Konni.

To, wannan ƙyaftawar da muke sha'awa ita ce ciwon kan masana taurari, don tana dusashe musu hoto. Dubi dabarar da suka yi. A hamadar Atakama ta ƙasar Chile, ƙungiyar binciken taurari ta Turai mai suna ESO tana gina madubin hangen nesa mai suna ELT a kan dutsen Armazones, sama da mita 3,000. Tun 2014 suka fasa ƙoƙon dutsen suka baje shi. Faɗin madubin mita 39, an harhaɗa shi da gutsattsari 798. Na madubin hangen nesa mai suna James Webb da ke sararin samaniya mita 6.5 ne kacal. Za su harba hasken leza sama, wajen kilomita 90, ya zana tauraron ƙarya. Da shi za a auna rawar iskar, sai wani siririn madubi ya riƙa lanƙwasa kansa har sau 1,000 a daƙiƙa guda yana gyara hoton. Wallahi na daɗe ina juya wannan a zuciyata.

Abin da suke nema shi ya fi taɓa ni: duniyoyin da ke kewaya wasu taurari, a leƙa iskarsu ko akwai tururin ruwa. Ana kuma gina wani madubin hangen nesa mai suna Giant Magellan, shi ma a Chile, mai madubai 7. Wanda aka so ginawa a kan dutsen Mauna Kea na tsibirin Hawai kuwa aikinsa ya cije tun zanga-zangar 2019, don mutanen wurin suna girmama dutsen, kuma ban ga laifinsu ba.

Ga roƙona, aminina. Ɗalibaina ba su taɓa ganin ramukan wata da idonsu ba, a allo kawai nake zana musu da alli, abin yana ci mini rai. Idan za ka zo hutu, ka nemo mini ƙaramin madubin hangen nesa, ko na hannu ne, zan biya ka. Duhun dare kam muna da shi a Tawa, in dai hazo ya yaye.

Ka gaida mini Hajiya da yara.

Naka,
Mahamadu