Wasiƙa zuwa ga aminina kan ciwon jijiyoyin Baba

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya jikin Baba? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne.

Ka ce likita ya gano jijiyoyin zuciyarsa sun tsuke, kuma 'yan dubiya kowa na kawo nasa maganin, wannan kurkur, wancan tafarnuwa, wai duk suna kashe kumburi. Maganar kumburin gaskiya ce. Kitsen nan da ake kira LDL yana kutsawa cikin bangon jijiya ya maƙale, fararen ƙwayoyin jini su bi shi su haɗiye, su mutu a wurin, sai abin ya taru ya zama ƙullutu mai ɓawo a sama. Kumburi ne ke cinye ɓawon har ya yi siriri. Ran da ya fashe jini ya daskare a kai, hanya ta toshe, shi ne bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. A 2017 gwajin CANTOS, mai mutum 10,061, ya nuna cewa allurar da ke rage kumburi kaɗai, ba ta taɓa kitsen ba, ta rage irin waɗannan haɗurra da kusan kashi 15 cikin ɗari.

To, a cikin sinadaran tsirrai, wanda ya fi kowanne hujja ba a kicin yake ba. Sunansa kolcisin, daga wani fure na Turai ake samo shi, kuma tun da daɗewa ake ba da shi ga masu ciwon gaɓoɓi irin na gawut. Aikinsa shi ne ya dabaibaye fararen ƙwayoyin jini, su kasa rugawa wurin ƙullutun. A 2019 Cibiyar Zuciya ta Montreal a Kanada ta ba mutum 4,745 da ba su wuce wata guda da bugun zuciya ba ko dai rabin miligiram a rana ko ƙwayar bogi, aka ga haɗurran zuciya sun ragu da kashi 23. A 2020 gwajin LoDoCo2 a Ostareliya da Holan, mai mutum 5,522, ya samu kashi 31. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don zuciya a 2023. Amma kada in ɓoye maka, a 2024 wani gwaji mai mutum sama da 7,000, CLEAR SYNERGY, bai ga amfanin komai ba. Shi ya sa likitoci ke zaɓen wanda za su ba, kuma a kan sitatin, wato maganin rage kitsen LDL, suke ɗora shi, ba sa cire sitatin ɗin.

Ka lura da awon: rabin miligiram, sau ɗaya a rana. Tsakanin magani da guba a kolcisin tazarar kaɗan ce ƙwarai. Alamar farko ita ce gudawa da ciwon ciki. Idan ya taru a jiki sai ya taɓa ɓargo da tsoka. Ƙoda da hanta ne ke fitar da shi, don haka dole a auna su kafin a fara. Kuma akwai magungunan da ke toshe hanyar fitarsa, musamman maganin ƙwayoyin cuta da ake rubutawa clarithromycin a kwali, da ketoconazole na cutar fungas, da ritonavir na HIV. Haɗa su da shi ya kashe mutane. Akwai ma wani tsiro mai hawa a dazukanmu, mai fure ja da rawaya kamar harshen wuta, saiwarsa cike take da wannan sinadari. Kada wani ya ji labari ya ce zai jiƙa wa Baba. Ba wanda zai iya auna rabin miligiram da cokali.

Sai kurkur. Sinadarinsa, kurkumin, bai fi kusan kashi 3 cikin ɗari na garin ba, kuma hanji ba ya tsotsarsa sosai, ɗan abin da ya shiga ma hanta ta yi maza ta fitar. Shi ya sa kamfanoni ke haɗa shi da sinadarin masoro, wanda a wani gwaji na 1998 a Indiya ya ninka shigarsa jini sau ashirin. Matsalar ita ce irin waɗannan ƙwayoyi masu ƙarfi su ne aka kama da lalata hantar mutane a Italiya a 2019, daga baya a Amurka. Ƙananan gwaje-gwaje sun nuna yana sauke awon kumburi na jini, CRP, amma sauke lamba a takardar asibiti daban, hana bugun zuciya daban. Haka zancen habbatus sauda yake a ɓangaren gwaji. A miya ko shinkafa Baba ya ci kurkur abinsa. Ƙwayar ce ban yarda da ita ba.

Tafarnuwa ma a abinci ba laifi. Ƙwayoyinta kuwa suna ƙara tsinka jini, kuma mai irin ciwon Baba da wuya ba ya shan asfirin ko clopidogrel, waɗanda su ma tsinka jini suke yi. Idan ka ga dasashi na jini, ko haɓo, ko bayan gida baƙi ƙirin, a tafi asibiti ranar.

Abu biyu zan ce a yi. Na farko zoɓo. A 2010 a Jami'ar Tufts an ba mutane kofi uku a rana, kowanne mililita 240, na mako shida, lambar sama ta hawan jini ta sauka da kusan maki 7. Sharaɗin shi ne babu sukari, don zoɓon biki da aka zuba wa sukari ya ɓata lissafin. A riƙa auna jinin safe da yamma a makon farko, tunda yana shan maganin hawan jini, kada su haɗu su kayar da shi da jiri. Na biyu man zaitun tatsar farko. A gwajin PREDIMED na Sifen, mai mutum 7,447, waɗanda suka riƙa cin kusan cokali huɗu a rana, ko giram 30 na 'ya'yan itace masu mai irin su almon, sun samu raguwar haɗurran zuciya da kusan kashi 30. A madadin man shanu da kitse za a sa shi, ba a ƙara a kansu ba. Na gaske yana ɗan ƙaiƙayi a maƙogwaro, kuma a baƙar kwalba ake ajiye shi nesa da murhu.

Ran komawa asibiti ka zuba duk abin da Baba ke sha a leda, har da na gargajiya, ka ajiye a gaban likita. Ka tambaye shi awon LDL, da na ƙoda, da CRP mai zurfi, wanda ake rubutawa hs-CRP. Idan CRP ɗin ya kai miligiram 2 a lita alhali yana shan sitatin yadda ya kamata, a nan ne zancen kolcisin zai taso. Ka turo mini hoton sakamakon.

Ka gaishe mini da Baba da jiki, da Hajiya, da yara.

Naka,
amininka