Ƙuncin hunturu gado ne? Ga shi zumunci za a yi mini

Assalamu alaikum Anti, ya aiki, ya jama'a? Allah ya ƙara basira.

Ni 'yar Katsina ce, shekarata 27, ina karatun digiri na biyu a Winnipeg ta ƙasar Kanada. Hunturu biyu na yi a nan, kuma kowanne da abin da yake zo mini da shi. Nuwamba na kamawa sai jikina ya mutu: barci ba ƙoshi, kwaɗayin burodi da kayan zaƙi, kuka babu dalili. A Disamba rana ba ta leƙowa sai bayan ƙarfe 8 na safe, wajen 4:30 na yamma ta faɗi, har Azahar da La'asar da Magariba kusan a jere nake yin su. Afrilu na shigowa sai in warware kamar ba ni ba.

Likita ta ce ciwon damuwa ne mai bin yanayi, wanda Norman Rosenthal da abokan aikinsa suka bayyana a Amurka a 1984. Ƙarancin hasken rana ne ke rikita agogon jiki. Ta sa na sayi fitila mai ƙarfin lux 10,000 (ma'aunin haske ke nan), ina zama gabanta minti 30 kowace safiya, kuma alhamdulillahi na ga sauƙi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne da ta tambaye ni ko akwai mai irin wannan a danginmu. Nan take Gwaggo ta faɗo mini. Duk shekara hazo na sauka sai ta kulle kanta a ɗaki, ba ci ba magana, a ce iska ce, a yi ta turare da rubutu. Likitar ta ce wani binciken tagwaye da aka yi a Ostireliya a 1996 ya nuna gado na da kusan kashi 29 cikin 100 a yadda yanayi ke sauya halin mutum. Har nan Manitoba, lardin da Winnipeg take, an gano jikokin mutanen ƙasar Iceland ba su cika kamuwa ba, alhali duhun ɗaya ne da na kowa. Sai dai ba kamar sikila ba ce da za a ɗebi jini a ce ga sakamako. Ƙwayoyin halitta da yawa ne ke haɗuwa.

To Anti, wanda zan aura ɗan Gwaggon nan ne. An karɓi kuɗin gaisuwa, an sa rana bayan Babbar Sallah. Gwajin jini mun yi, lafiya lau. Shirinmu kuma ya biyo ni nan, ke nan a wannan duhun 'ya'yanmu za su tashi, jini ɗaya ta uwa ta uba.

Ina son sa, wallahi. Amma ta ina zan fara faɗa masa, ba tare da an ce na kira mahaifiyarsa mai taɓin hankali ba? Kuma Baba zan fara samu, ko shi?

'Yarki, daga Winnipeg.