Fasinjan Damagaram a Kano ake ƙirga shi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Mu masu sayar da biyen jirgin sama ne a Zinder. Duk lokacin da aka tayar da maganar ƙara jirage a filinmu, amsar da ake bayarwa ɗaya ce: wai Damagaram ba fasinja. Muna roƙon fili a jaridarka mu nuna inda wannan lissafi ya karkace.

Mu ɗauki ɗan kasuwa ko mai Umra da zai tafi Jidda. Hanya biyu ce gabansa. Ta farko ya bi ta Yamai: kusan kilomita 900 a kan babbar hanyar RN1, wuni guda cur cikin kar, ko awa biyu a ƙaramin jirgi in an dace da ranar tashinsa. Wato ya nufi yamma alhali gabas za shi. Ta biyu ya bi ta Matamaye da Daura, kilomita 240 ko kusa da haka, ya hau jirgi a filin Malam Aminu Kano, wanda ke aiki tun 1936 kuma yake da jiragen da ke tafiya Jidda, Alƙahira da Adis Ababa kai tsaye. Mafi yawan masu irin wannan tafiya Kano suke zaɓa. Sunan mutum ya shiga rajistar Kano, kuɗin harajin fili ya shiga asusun Nijeriya, sannan a buɗe rajistar Zinder a ce ba kowa.

Ba nisa kaɗai ke kora mutum ba, sauyin jirgi ne babban abin tsoro. In biyen Zinder zuwa Yamai daban, na Yamai zuwa waje daban, kuma babu yarjejeniya tsakanin kamfanonin biyu, to fasinja ne zai ɗauki kayansa da kansa ya sake aunawa. Babban jirgi yakan ba shi jaka biyu masu kilo 23 kowace, ƙaramin kuwa bai kai haka ba, sai ya biya kuɗin rarar kaya. Mafi muni, in na farko ya makara, kamfani na biyu ba ruwansa: an rubuta bai zo ba, sai tara ko sabon biye. Don gudun haka mutum zai iso Yamai da kwana ɗaya ko biyu a hannu, ga masauki, ga taksi, ga abinci. Idan aka tara duka, motar Kano da tsaye-tsayen iyaka sun fi sauƙi. Mai tafiya da tsohuwa ko marar lafiya ma ba ya tsayawa yin wannan lissafin.

Sai maganar yawan tashi. Jirgi irin Fokker 50 kujera 50 gare shi. In yana zuwa sau 3 a mako, kujera 150 ke nan. Amma ma'aikacin da taronsa ke ranar Talata, jirgi kuma sai Laraba, kar zai shiga, komai yawan kujerun da suka rage. Haka in jirgin zai yada zango a Maraɗi ko ya zaga ta Agadas kafin Yamai: sauka, jira, sake tashi, awa biyu ta zama huɗu. Fasinja ya ragu, kamfani ya rage ranaku, ragin ranaku ya ƙara korar fasinja. Da haka layi ke mutuwa, ba don mutane ba sa tafiya ba.

An gyara filin Zinder lokacin bikin Zinder Sabuwa na 18 ga Disamba 2018, mun yaba. Sai dai gini ba shi ke kawo jirgi ba. Kamfani na duba abubuwa sanannu kafin ya buɗe layi: tsawon titin jirgi da ƙarfinsa, man jirgi a wurin, darajar motocin kashe gobara, tsani da injin ɗora kaya, ƴan sandan iyaka da duwan. Zafin Afrilu da Mayu, sa'ad da ake haura digiri 40, yana sa iska ta yi shaƙaf, jirgi ya buƙaci titi mai tsawo ko ya rage lodi. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma hazo ne. Filin da ba shi da cikakkiyar na'urar saukar da jirgi cikin duhun ƙura, soke tashi zai yi ta yi, kuma fasinjan da aka soke wa tafiya sau biyu da wuya ya dawo na uku.

Ba mu ce Zinder ta yi gasa da Kano ba, kasuwar ba ɗaya ba ce. Amma rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, wanda ya kai har Maris 2024, ya nuna haɗarin rataya tafiyar jiha guda a filin wata ƙasa.

Abin da muke ganin zai yiwu shi ne jirgin Yamai kai tsaye kowace rana, ya tashi da sassafe ya dawo da yamma, a kan biye ɗaya da manyan kamfanonin da ke tashi daga filin Diori Hamani na Yamai, kaya su wuce ba tare da fasinja ya taɓa su ba. Ma'aikatan matatar mai ta SORAZ, malaman jami'a da ƴan kasuwar Dole za su iya zama tushensa. Sannan hukumar alhazai ta COHO da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ANAC su duba kwasar maniyyatan Zinder da Diffa daga nan lokacin Hajji da Umrar azumi, gwargwadon girman jirgin da titin zai ɗauka. Kafin duk wannan, a ƙirga fasinja yadda ya kamata: a tambayi ajans-ajans na gari biye nawa suka sayar cikin wata 12 wanda tashinsa daga Kano ne ko Yamai, kuma zuwa wane gari. Rajistarmu na nan a buɗe.

Wasu masu sayar da biyen jirgi,
Zinder