Rahoton Ayyukan Shekara: Aikinmu a Kan Gajeriyar Bishiyar Mefil

'Yan uwa membobi, assalamu alaikum.

Kamar yadda babban taro ya amince bara, bana kwamiti ya karkata akalarsa ga gajeriyar mefil, wadda rassanta ke zubowa ƙasa kamar buɗaɗɗiyar laima. Asalinta Japan da Koriya da China, kuma Acer palmatum da masana ke kiranta suna ne da Carl Peter Thunberg ya raɗa mata a 1784. Waɗanda muka fi tararwa a lambunan membobi su ne Crimson Queen da Tamukeyama masu jan ganye, sai Viridis mai kore.

Zagayen lambuna shi ya ci mafi yawan lokacinmu, shi kuma ya nuna mana inda gizo ke saƙar. Ba ƙwari ba ne, ba rashin taki ba ne. Almakashi ne. Mutum ya ga rassa sun kusa taɓa ƙasa, sai ya zagaye bishiyar ya yanke ta daidai wa daida, alhali ba ta saurin girma, ɓarnar yini guda sai ta ɗauki shekaru ba ta gyaru ba. Saboda haka a bitar da muka shirya muka tsaya a kan ƙa'ida: a fara da busassun rassa da masu gogar juna, a shiga daga ciki a rage cunkoso, kada a cire fiye da kashi 25 cikin 100 na rassan a shekara. A yanka dab da kumburin gindin reshe, ba tare da an taɓa kumburin ba. Lokacinsa tsakiyar hunturu ne, bayan ganye ya zube, ko ƙarshen lokacin zafi. Idan aka yanka tana shirin toho, ruwan jikinta zai yi ta tsiyaya.

Wani abin da da yawa ba su sani ba, kusan duk irin nan mai aure ce, wato an ɗora reshenta ne a kan gindin wata mefil suka haɗe. Tohon da ya fito ƙasa da wurin auren na uwar gindin ne. In aka bar shi, miƙewa zai yi ya danne na sama. A cire shi tun yana ɗanye.

Ƙorafin ƙonewar bakin ganye ya yawaita. Zafin ranar yamma da busasshiyar iska ne sila, don haka muka taimaka wa wasu suka matsar da tukwanensu inda inuwa ke sauka bayan azahar, aka shimfiɗa ɓawon itace mai kaurin santimita 5 zuwa 8 a gindi, ba a jingine da kututture ba. Inda aka yi zargin cutar Verticillium, mai zama a ƙasa tana toshe hanyar ruwa a jikin bishiya, mun hana sake dasa mefil a wurin, kuma yanzu ana goge almakashin aro da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta kafin ya koma hannun wani.

Koyon aurar da bishiya bai samu ba, don ba mu tanadi ƙananan gindin da za a ɗora wa ba. An mayar da shi ƙarshen hunturu mai zuwa. Mai sha'awa ya ba ma'aji sunansa kafin taro na gaba.

Sakatare, a madadin kwamiti.