A riƙa tunawa da irin su Duke Slater a shafin wasanni

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa, ina bin shafinku na wasanni amma gaskiya Firimiya da Laliga sun cinye fili, ko lokacin gasar NFL ta Amurka, wannan ƙwallon mai kama da zari-ruga, sai dai ku kawo wanda ya ci maki. Su kuwa ƙartin layin gaba masu bangaje abokan hamayya su buɗe wa mai gudu hanya, ba mai kula su.

Ga misalin Duke Slater. Baƙar fata ne da ya taso a Clinton ta jihar Iowa, ana ba da labarin a sakandare kuɗin babansa bai isa a sayi takalmi da hular kwano gaba ɗaya ba, yaron ya ɗauki takalmi, haka ya dinga shiga karo da kai tsirara har a jami'ar Iowa, inda a 1921 ba wanda ya doke su, jami'ar Notre Dame ma ta sha kashi 10 da 7. A 1922 ya shiga NFL, baƙar fata na farko a layin gaba, ya buga wa Rock Island sannan Chicago Cardinals har 1931.

Abin da ke cin raina shi ne wasan 28 ga Nuwamba 1929. Ernie Nevers, abokin wasansa a Cardinals, ya ci maki 40 shi kaɗai a kan Chicago Bears, tarihin da har yau ba a karya ba, kowa Nevers Nevers, alhali Slater ne a gaba yana share masa hanya minti 60 cur ba a canza shi ba. Kuma fa a shekarar shi kaɗai ne baƙi a duk gasar. Daga 1934 masu kulob suka daina ɗaukar baƙaƙe kwata-kwata sai 1946.

Mutumin yana buga ƙwallo yana karatun lauya, ya gama 1928, a 1948 aka zaɓe shi alƙali a Chicago. Ya mutu 1966, sai 2020 aka ga damar saka shi a zauren gwarzayen ƙwallon da ke Canton, haba jama'a, shekara 54 bayan mutuwarsa!

Don Allah ku ba irin waɗannan ko da rabin shafi ne, musamman yanzu da 'yan asalin Najeriya suka yi yawa a NFL.

Naku,
Mai karatu daga Zariya