Daga Badagry zuwa ga aminina a Sakkwato

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da iyali da su Inna. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ba ya ɗaga mana ƙafa. Saƙonka ya iso ta hannun direban albasa, na kuma ga tambayarka, wai wane irin gari ne Badagry da ake ta ambata a rediyo tun da aka fara zancen sabuwar hanyar Sakkwato zuwa Badagry, kuma me ya fitar da ni daga cikin Ikko.

Na biyun ba shi da tsawo. Kuɗin haya ne ya koro ni, kwakwa kuma ta riƙe ni. Nan ne gidanta a jihar Legas, ina saye ina lodawa Arewa, Alhamdulillahi ana samun na cefane.

Garin yana can yamma da birni, dab da iyakar Seme da ake tsallakawa zuwa Jamhuriyar Benin. Daga Mile 2 za ka wuce Alaba Rago wajen mutanenmu, ka wuce Okokomaiko da Agbara, sannan ka iso. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum 241,093, amma wannan har da ƙauyukan bakin ruwa ne. Tsohon garin kansa da ƙafa za ka zaga shi kafin azahar. Yanzu dai an ƙaru sosai, don irina da haya ta koro suna da yawa. 'Yan asalin wurin Ogu ne, waɗanda Yarabawa ke kira Egun, kuma harshensu ya fi kusa da na mutanen Porto-Novo ta Benin fiye da Yarabanci. Akwai Awori su ma, wani reshe na Yarabawa. Sarkin Badagry Akran ake ce masa, tsohon garin kuma unguwa takwas ne, kowace da mai sarautarta. Da yawa daga kakannin Ogu gudun yaƙi ne ya kawo su, lokacin da masarautar Dahomey ta ci Allada a 1724 da Wida a 1727, duk a ƙasar Benin ta yanzu.

Ga abin da ya sa na zauna rubuta maka da kyau. Ka tuna Baturen nan Clapperton da aka karanta mana a makaranta, wanda ya zo wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello? Zuwansa na biyu, a nan Badagry ya sauka daga jirgi a ƙarshen 1825, ya bi ta ƙasar Oyo har ya isa Sakkwato, inda ya mutu a 1827. Yaronsa Richard Lander ya komo ta wannan hanya. Da ya iso nan, masu cinikin bayi suka ce ɗan leƙen asiri ne, aka ba shi guba ya sha don a gane gaskiyarsa, bai mutu ba. Ka ga hanyar da gwamnati ta ƙaddamar a 2024, mai kilomita 1,068 daga Illela zuwa nan, akwai masu sawu a kanta tun kusan shekara ɗari biyu.

Sai dai ba Turawa kaɗai suka bi ta ba, kuma wannan ne ba a faɗa mana a gida. Badagry tashar bayi ce. Har yau ga filin kasuwar Velekete, ga sarƙoƙin wuya da na ƙafa a gidan tarihin zuriyar Mobee, da wani ƙarfe da ake ɗaure bakin mutum da shi. Ana shiga kwalekwale a haye zuwa tsibirin Gberefu, a taka cikin rairayi har bakin teku, wurin da daga shi ba komowa. A tsakiyar tafiyar akwai rijiya da masu zagayawa da baƙi ke cewa duk bawan da aka shayar da ruwanta yakan manta gida. Cikin waɗanda aka fitar ta wannan gaɓa akwai Hausawa, waɗanda yaƙe-yaƙen wancan zamani suka jefa hannun fatake, aka gangaro da su ta Oyo. A Bahia ta Brazil, Hausawa ne suka shirya tawaye a 1807, kuma da su cikin boren Musulmi na 1835. Ina tsaye a rairayin nan sai na riƙa tunanin ko wani Bagobiri ko Bakabe ya tsaya daidai inda nake.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Seriki Williams Abass. Shi ma bawa ne, an kai shi Brazil, ya komo ya zama babban mai cinikin bayi, har ya zama Sarkin Musulmin garin. Ya rasu a 1919. Gidansa na nan da ƙananan ɗakunan da ake tsare mutane, jikokinsa kuma su ne ke buɗe wa baƙi ƙofa su ba da labarin ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Wallahi wannan ya burge ni. Mu da akwai irin wannan a gidanmu, da tuni an rushe ɗakin an ce ba a taɓa yi ba.

Kiristoci ma suna da nasu tarihin a nan. A 1842 wani ɗan mishan, Thomas Birch Freeman, ya yi wa'azi a gindin wata bishiya da ta faɗi a 1959, kuma benen da 'yan mishan suka gama a 1845 shi suke tallatawa a matsayin bene na farko a Najeriya. Na dai yi shiru, don mai kallon soron Kano da Gobarau ta Katsina yana da ta cewa.

Al'adarsu da za ta ba ka mamaki ita ce Zangbeto. Wani dodo ne da aka lulluɓe da zaren tukurwa tun daga sama har ƙasa, kamar bukka ta tashi tana juyi. Su ne 'yan sintirin dare na gargajiya, kuma ɓarawo ya fi tsoronsu fiye da kowa. A wurin biki sukan kifar da shi don jama'a su ga ba mutum a ciki. Mu dai kallo daga nesa muke yi, in an ce za su fito da dare kuma kowa ya rufe shagonsa da wuri. Suna da wata doguwar ganga, Sato, da ta fi mutum tsayi, sai an yi tsalle ake bugunta. A gida guda za ka tarar da Musulmi da Kirista da mai gargajiya, kuma ba su taɓa hana mu Sallah ko kasuwa ba.

In ka samu sarari bayan kaka, ka biyo motar albasa ka zo, akwai wurin kwana. Ka sanar da ni yadda buhu yake a Gada da Kware kafin in aiko da kuɗi. Na saka wa Inna man kwakwa cikin kayan direba, ka karɓa ka kai mata da kanka. Ka gaishe da maiɗakinka da yara da duk 'yan majalisa.

Naka har kullum,
Amininka na Badagry